Allah Ya Ja Zamanin Mai Jan Mota

A cikin duk hanyoyin da mai rufin asiri zai bi ya rabu da kuɗinsa cikin mutunci, ban ga wadda ta kai ɗaura wa tsohuwar Land Rover winjin da injin mota ke juyawa ba. Masu ƙaramar himma sukan buɗe gidan kaji, ko su shiga siyasar ƙaramar hukuma, ko su sayi fili a bayan gari. Duk waɗannan akwai haɗarin a ci riba a cikinsu. Shi kuwa wanda ya nemo winji na zamanin da, ya sa aka kwance cikin motar da ta girmi 'ya'yansa domin a liƙa mata shi, ya tsira daga wannan haɗari, kuma ya cancanci kirari.

Ga wanda bai sani ba, winji shi ne gangar nan ta ƙarfe da ake girkewa a goshin mota, an naɗe ta da igiyar waya. In mota ta kafe a laka ko yashi, sai a warware igiyar a ɗaura wa wani abu mai ƙarfi, ganga ta yi ta naɗewa har motar ta jawo kanta ta fito. Akwai na lantarki, mai shan wuta daga batir, wanda za ka riƙe maɓallinsa a hannu kana tsaye gefe kana kallo. Wannan na ragwaye ne. Na mazan jiya shi ne mai karɓar ƙarfi kai tsaye daga giyabos, ta wata kafa da kamfani ya bari wadda bakanikai ke kira PTO. Inji ya juya giya, giya ta juya sanda, sanda ta ratso ta ƙarƙashin mota har goshi ta juya ganga. Ba ya zafi, ba ya shanye batir, zai yini yana ja muddin inji na ruri. Sharaɗinsa ke nan guda ɗaya tak, kuma za mu zo kansa.

Asalinsa ma abin alfahari ne. Lokacin da kamfanin Rover ya fito da Land Rover a bajekolin motoci na Amsterdam a Afrilun 1948, manomi injiniya Maurice Wilks yake hange: motar da za ta yi rabin aikin tarakta, a kafa ta a gona ta juya injin sussuka ko zarton katako ta wannan kafa. Manomin Ingila ya mori abinsa, da ya sami tarakta ta gaske ya ajiye. Sojoji da masu aikin daji suka ci gaba da winjin, domin su kullum cikin ja suke, kuma suna tafe da mutanen da aka koya wa aikin. Kamfanin Fairey na Tavistock ya yi suna wajen ƙera shi a wancan zamani. Yau, bayan shekara 70 da ɗoriya, Allah ya kawo magajin wannan tarihi: Alhaji mai ritaya a unguwar masu hali a Kaduna, wanda lakar da motarsa ta fi sabawa da ita ita ce ta bakin wurin wankin mota.

Tun wajen nemo kayan ake fara gane namiji. An daina ƙera Land Rover samfurin Series III tun 1985, don haka winjinta ba abin da za ka shiga shago ka nuna da yatsa ba ne. Ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano, ka zaga Fanteka a Kaduna, ka aika Ladipo a Legas. Wannan yana da ganga ba sanda, wancan yana da sanda amma ta wata motar ce, na uku ya rantse maka ya taɓa ganin irinsa a Jos. Daga ƙarshe a koma intanet a samo wani Bature a ƙauyen Ingila da ya tono nasa daga ɗakin shirgi yana murna zai rabu da shi. A biya shi da fam, wanda a 2024 ya haura naira 2,000, a biya jirgin ruwa, a biya kuɗin fito. Ranar da akwatin ya iso a tarar komai ya cika, in ban da 'yan ƙarafan da ke riƙe sandar a jikin shasi da hannun da ake sa PTO ɗin da shi. Baturen bai ɓoye ba, ya rubuta a tallarsa, Alhaji ne ya ɗauka ƙananan abubuwa ne. Ga kuma wata ni'ima: tun 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu ya koma hagu, Ingila kuwa tana nan a kan bakanta. Kayan da aka auna wa motarsu, in sun zo nan, ba lallai su tarar da hanya a buɗe ba.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon irin wannan aiki, kuma natsuwar bakaniken ta burge ni. Yana kwance a kan kwali, ƙafafunsa kawai ake gani, yaransa biyu sun tallabe sandar. Notocin giyabos ɗin nan awon Ingila ne na da, ba na milimita ba: sifana mai lamba 13 ta ƙi shiga, mai lamba 14 tana zamewa. Bai tsaya jayayya da su ba, ya miƙo hannu aka ba shi cizal da guduma. Da sandar ta ci karo da salansa, ya leƙo ya ce, "Alhaji, salansar nan fa tun daga kamfani ba ta zauna daidai ba."

Alhaji ya ce, "To Malam, yaya ke nan?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba komai. Yankawa za mu yi mu karkatar da ita."

Aka kira mai walda. Da aka karkatar da salansa sai ta koma tana gogar bututun birki, shi ma aka karkatar da shi. Motar da ta shigo garejin da ƙafarta ta yi damina guda a kan duwatsu, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Wannan shi ne amfanin winji na farko, kuma ba a cika faɗarsa ba: duk tsawon lokacin da ake ɗaura shi, mota ba ta kafewa a ko'ina.

Akwai 'yar sadaukarwa da ba ta kai a ambata ba. Kafar da PTO ke shiga, a bayan ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, ita ce dai kafar da ake ɗaura ƙarin giyar gudu, wadda ke rage juyawar inji da fiye da kashi 20 cikin 100 a kan kwalta. Dole ɗaya ya haƙura. Akwai wani nau'in da ake ɗaurawa ta ƙasa mai barin su duka biyu, wanda ya same shi ya taimaka ya nuna mana. Sai Alhaji ya cire abin da ke masa aiki kullum tsakanin Kaduna da Zariya, ya sa abin da zai yi masa aiki wata rana in tsautsayi ya gitta. Motar da dama da kyar take cin kilomita 7 da litar fetur, ga tallafin mai an janye tun 29 ga Mayun 2023, ga ƙarfen da bai kasa kilo 50 ba an rataya mata a gaban tayoyin gaba. Sifirin ya kwanta, goshi ya sunkuya, sitiyarin da dama ƙarfin dantse yake ci ya ƙara tauri. Likitoci na ta fama da dattawa su riƙa motsa jiki, ga shi an kawo musu har cikin mota.

Direban Series III dama yana da sanduna huɗu: ta giya, mai jan kai, mai rawayan kai, da birkin hannu. Winji ya kawo ta biyar. Aikin kuwa ba wuya. Ka fita ka saki ganga, ka ja igiya cikin laka har inda za ka ɗaura, ka dawo ka kulle ganga, ka shiga mota da takalmanka yadda suke, ka taka kuloci, ka mai da mai jan kai tsakiya domin tayoyi su huta, ka sa PTO, ka sa giya ta ɗaya, ka saki kuloci sannu-sannu kana ba da wuta. Daga kujerar nan ba ka ganin gangar, bonet ya tare, balle in safaya na kansa kamar yadda aka saba. Ba ka san ko igiya na naɗuwa daidai ko ta taru a gefe guda tana cin kanta ba. Sai an sami na biyu ya tsaya a gaba yana maka alama, da na uku can wajen abin da aka ɗaura. Na biyun in ya ce tsaya, sai muryarsa ta ratsa rurin inji, ta shiga kunnenka, ta sauka ƙafarka ta hagu, kafin ganga ta tsaya. In yatsansa ne a ciki, yana da isasshen lokacin yin salati. Dubi yadda na'ura ɗaya ta samar wa mutum uku aiki a ƙasar da ake kukan zaman banza. Masu hassada za su ce mutum ukun nan da shebur da 'yan itatuwa da tuni sun fitar da motar. Ba a biye wa masu hassada.

Sai ɗan sharaɗin nan. Winjin PTO ba ya motsi sai inji na aiki. To a ina mota ta fi bukatar a jawo ta? A tsakiyar rafi, inda ruwa ya jiƙa wayoyin fulogi injin fetur ya yi tari ya mutu, ko na dizal ya shaƙi ruwa ya lanƙwasa sandunan fistin. Ko a gangare inda ta kwanta a gefe, baƙin mai ya gudu daga inda famfo ke tsotsarsa, wanda in ka bar inji yana juyawa a haka ka yi bankwana da shi. A duk waɗannan wurare winjinmu yana nuna halin da ya fi tsada a zamanin nan, wato amana. In inji ya mutu shi ma ya mutu, ba ya ci gaba da harka a bayan ran ubangidansa. Ungozoma ce da ba ta karɓar haihuwa sai mai naƙuda ta tashi ta dafa mata shayi. Na lantarki, marar asali, yakan ba ka 'yan mintoci na ja da abin da ya rage a batir, kuma sau da yawa su ne ke raba mota da ambaliya. Amma wa ke son taimakon wanda bai san alhini ba?

Tsofaffin Land Rover suna da hannun tayar da inji, wanda ake zurawa ta wani rami a bamba a murɗa in batir ya ƙi. Yadda ake girke ganga a garejinmu, daidai hanyar hannun nan takan zauna. Ga mota a laka ba ta turuwa, ga batir ya yi sanyi, ga hannu a bayan kujera ba mashiga, ga winji yana jiran inji. Aikin gwani ke nan, bai bar ƙofa ko ɗaya a buɗe ba.

Kuma gaba kawai yake ja. Direban da ya san hanya, in ya ji tayoyin gaba sun fara nutsewa, baya yake nema, domin ƙasar da ya baro ya san tana ɗaukar mota. Winjin goshi jarumi ne, bai san ja da baya ba. In ka shiga laka taku biyar, zai taimake ka ka shiga talatin, inda ko tarakta ba za ta iso ka ba.

Igiyar takan kai mita 30 zuwa 45, kuma dole a sami abin ɗaurawa cikin wannan tazara, a gaba ba a gefe ba. A dazukan Turai da na Kongo ko'ina ka juya gungume ne. Mu kuwa Allah ya yi mu a sarari. Wanda ya kafe a tuddan yashin Yusufari, ko a baƙar lakar firgi ta wajen Dikwa da Ngala, ya duba gabas ya duba yamma ya gaya mini abin da ya gani. A hamadar Tenere, kan hanyar Agadas zuwa Bilma, an yi wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tal da ta shiga taswira saboda kaɗaicinta, har ana cewa sai ka yi kilomita 400 ba ka ga wata ba. A 1973 wani direban babbar mota ya duba duk faɗin Sahara bai ga inda zai bi ba sai kanta. Gawarta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Masu winji ya kamata a fi yi wa ta'aziyya.

Amma masana sun tanadi mafita. In babu bishiya, ka sauko da safaya, ka haƙa rami mai zurfi can gaban mota, ka ɗaura mata igiya ka binne, ka ja. Wato ka haƙa ramin da ya fi wanda da za ka haƙa a ƙarƙashin tayoyin da suka kafe, da shebur ɗin nan dai, a ranar nan dai, sannan in an fita ka koma ka tono tayarka. Direbobin Agadas masu ratsa yashi zuwa Dirku da Toyota ba su kai ga wannan ilimi ba. Su har yanzu rage iskar taya suke yi, su tona, su shimfiɗa farantan ƙarfe, fasinja su sauko su tura. Haka 'yan'uwansu na tsaunin Mambila, inda tsofaffin Land Rover ke hawa da sauka tsakanin Gembu da Nguroje da ƙauyukan bakin iyakar Kamaru da lodin da kamfani bai taɓa mafarkinsa ba. Abincinsu a cikin laka yake, amma ka tsaya a tasha ka ƙirga goshin da ke ɗauke da ganga, ba za ka gaji da ƙirga ba. Su a wurinsu kilo 50 na ƙarfe kuɗin ɗaukar rabin buhun masara ne da aka yi asara a kowace tafiya. Jahilci dai bai yi ba.

Inda hazaƙarmu ta fi fitowa fili kuwa shi ne wajen 'yar ƙusar nan. Injin da aka gina don ya tura mota mai tan ɗaya da rabi, in aka bi da ƙarfinsa ta giya ta ɗaya sannan ta haƙoran winji, abin da ke isa ga igiya ya fi ƙarfin igiyar, ya fi ƙarfin gangar, ya fi ƙarfin abin da aka ɗaura gangar a kai. Na lantarki in kaya ya fi ƙarfinsa gurnani yake ya tsaya. Wannan ba ya tsayawa sai wani abu ya ba da kai. Saboda haka masu ƙira suka sa wata 'yar ƙusa mai taushi a mahaɗar sandar, ba ta kai kaurin fensir ba, aikinta kawai ta karye kafin wani abu mai tsada ya karye. Winjin da Toyota ta riƙa ɗaura wa tsofaffin Land Cruiser haka yake, wasu kuma aka sa musu ɗan kuloci mai zamewa in ja ya yi yawa. Ƙusar takan karye kuwa, kuma takan zaɓi lokacin da mahaɗar ke nutse cikin taɓo, sai ka kwanta rigingine a ciki kana laluben ramin da za ka tunkuɗo guntun.

Wanda ya ƙera ta so yake in ta karye ka gane kaya sun yi yawa, ka sa wata irinta, ka ƙara tona, ka zagaya igiyar ta kan ɗan wili ka dawo da ita jikin mota domin nauyin ya rabu biyu. Bakanikenmu ba ya ɗaukar raini. Ya duba guntayen a tafin hannunsa ya ce, "Alhaji, ai ƙarfen banza suka sa maka. Bari in sa maka wanda har abada ba zai karye ba." Ya faɗaɗa ramin, ya zura noti mai taurin gaske. In mai kuloci ne ya ɗaure shi tamau, ko ya ɗiga masa walda kowa ya huta. Kuma gaskiya ya faɗa, notin ba zai karye ba. Haƙorin tagullar da ke cikin winjin ne zai zube, a koma neman Baturen nan. Ko kuros ɗin sanda ya tarwatse ya fasa abin da ke kusa. Ko ƙahonnin shasi biyu, waɗanda shekara 40 suna shan duka da walda a kan walda, su taho tare da bamba su bar sauran motar a inda take. Jikin Land Rover alminiyam ne, ba ya tsatsa, shi ya sa take yaudarar ido. Ƙashin da ke ƙarƙashi baƙin ƙarfe ne, kuma shi ake ja. Ana kukan targaɗe bakanike ya kawo karaya, ya kuma karɓi kuɗin aiki.

Ko kuma igiyar ta tsinke, tsohuwar waya da ta yi tsatsa a ciki inda ido ba ya gani. In ta tsinke tana cikin ja ba faɗuwa take yi ba, dawowa take yi da ƙarfi, kuma ba ta tambayar wa ke tsaye. Ƙa'ida ita ce kowa ya ja baya fiye da tsawon igiyar, a jefa bargo ko buhu a tsakiyarta ya rage mata ƙarfi. Wanda ya rubuta wannan ƙa'ida bai taɓa ganin mota ta kafe a bakin ƙauyenmu ba, inda kafin ka warware mita 10 yaran gari sun kewaye ka, kowanne yana son ya taɓa.

Ranar da aka daɗe ana jira takan zo a watan Agusta, a hanyar gona. Kwarin da kowace damina Alhaji ke kewaye masa, bana ya tunkare shi kai tsaye, domin me aka sayi winji? Mota ta zauna har ƙofa. Falwaya ce mafi kusa, wadda dama ba wuta take kaiwa ba, amma mai unguwa ya ce ba a gabansa ba. Aka koma mangwaron wani bawan Allah, aka zagaya masa waya, aka ba da wuta. Mota ta matsa taku biyu, waya ta yanke ɓawon mangwaro ta nutse, mai shi ya iso da fartanya a kafaɗa yana tambayar wanda zai biya. Ana cikin ciniki ruwa ya kai ga fulogi, inji ya yi shiru. Wajen la'asar wani dattijo ya kawo bijiman huɗa biyu da samarin unguwa. Aka tona, aka cusa kara da itace, aka ɗaura igiya ta baya, aka fitar da ita ta inda ta shigo. Dattijon ya zagayo gaba ya daɗe yana duban gangar.

Ya ce, "Alhaji, wannan kuma na mene ne?"

Alhaji ya ce, "Baba, na fitar da mota ne in ta kafe."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya sa albarka." Ya karɓi na goronsa ya kora shanunsa.

Kada a ce kuɗin sun tafi a banza. Sauran watannin shekara winjin yana nan a goshi, an shafe shi da baƙin fenti, an rataya ƙugiyarsa a bamba, duk wanda ya gani a bakin masallacin Juma'a ya san ba a yi lakar da za ta tsare mai motar nan ba. Ranar da magada suka gaji da ganinta a ƙofar gida suka kira 'yan gwangwan kuwa, ranar za a gane hangen nesan marigayi, domin su a kan sikeli suke saye, kuma Land Rover mai winji ta fi marar winji nauyi. Sai dai a ja kunnen yaran su kwance akwatin su ciro haƙorin nan daban, in bai riga ya zube ba, don kilon tagulla ya ninka na baƙin ƙarfe sau da yawa.